Kwamfutocina huɗu sun tsufa, Windows 10 kuma an sallame shi: ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Ina da ɗan shagon taifin da fotokwafi a bakin wata makaranta, kwamfuta huɗu, duk na hannu ne, ƙaramar cikinsu ta kusa shekara goma. Shekaranjiya wani ɗalibi ya soka filash ɗinsa a ɗaya, kafin la'asar duk foldojin da ke ciki sun koma shotkot. Furojet ɗin mutum uku na ciki, ɗaya ma ranar Litinin za ta kai wa malaminta. Yaron da ke yi min gyara ya ce dama an daina kula da Windows 10, kuma injinan nan ba za su ɗauki 11 ba, ko dai ya yi musu dabara ko in sayi sababbi. Ni da ko kuɗin tona, wato garin tawadar firinta, sai na yi lissafi sau biyu. Ina mafita?

Injiniya: Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Abu na farko, kada ki yarda a yi wa waccan kwamfutar fomatin tukuna. Cutar shotkot yawanci ba ta goge fayil, ɓoye shi take yi ta bar miki inuwarsa. Aikin yaran yana nan in sha Allahu. Batun Windows 10 kuma yaronki bai yi ƙarya ba. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba shi facin tsaro yadda ya saba. Zai ci gaba da tashi yana aiki, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga baya ba mai toshe ta. Sun buɗe ƙarin wa'adin shekara ɗaya zuwa Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista, amma wannan ɗage ranar jana'iza ne kawai. Windows 11 kuwa yana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da firosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Injin da ya shekara goma bai shiga layi ba. RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, nawa ne a kowace, kuma wane aiki kuke yi da su?

Maman Ilham: Biyu 4GB ne, ɗaya 2GB, ɗaya 8GB. Taifin ya fi yawa, Word da ɗan Excel, sai rajistar jarrabawa da biyan kuɗin makaranta ta intanet. Mai 8 ɗin ita yarona yake yin katin biki da kalanda da CorelDraw.

Abba Ƙarami: Anti ki daina wahalar da kanki. Akwai Windows 11 da aka cire wa duk waɗannan sharuɗɗan, har da Office ɗinsa a kirak, wato wanda aka fasa don a yi amfani da shi ba biya. Minti talatin an gama.

Injiniya: Abba ƙanena, ai hanyar da ta kawo mu nan ke nan. Duk wanda ya taɓa saka kirak ya san mataki na farko: sai ka kashe mai gadin kwamfutar da hannunka, sannan ka ba wani fayil da ba ka san wanda ya rubuta shi ba izinin shiga ko'ina. Shagon da ake shigar da lambar katin banki da bayanan ɗalibai kullum ba wurin wannan caca ba ne.

Hajiya, shawarata ga ukun nan na taifin ita ce Linux Mint, wani tsarin kwamfuta na kyauta da ke maye gurbin Windows, zubin da ake kira Xfce, shi ya fi sauƙin nauyi. Fuskarsa kusan irin ta Windows 7 ce, maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama, yaranki ba za su ɓata ba. Yana zuwa da LibreOffice, madadin Word da Excel, da Firefox na shiga intanet a ciki. Mint 22 yana da facin tsaro har 2029. Masu 4GB za su yi gudu da shi sosai. Mai 2GB za ta tashi amma za ta riƙa nishi in an buɗe shafuka da yawa, ita kam antiX, wani Linux mara nauyi, ya fi dacewa da ita, ko ki ƙara mata RAM. In kuma da hali, ki cire tsohon rumbun ki sa SSD, sabon nau'in rumbu mai sauri, ko da 128GB ne, bambancin ya fi na sayen sabuwar kwamfuta ta hannu.

Kuma ba sai kin goge komai ba kafin ki gwada. Ana ɗora shi a filash da manhajar Rufus ko Ventoy, a tayar da kwamfutar daga filash ɗin, ki yi ta wasa da shi, ki jona firinta ki ga ko za ta amsa. Da wannan filash ɗin ma za ki ceto furojet ɗin yaran, don cutar ta Windows ce, ba ta motsi a Linux, kuma fayilolin da ta ɓoye za ki gan su a fili ki kwashe.

Baba Malam: Injiniya, ni tsohon malamin firamare ne, ba na jin yarenku duka. Amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wa ke biyan waɗanda suka zauna suka ƙera wannan abu, har su ce kowa ya ɗauka kyauta? Kada ɗiyata ta gudu daga ɓarawon da ta sani ta faɗa hannun wanda ba ta sani ba.

Malamar Kwamfuta: Baba, tambayarka a kan hanya take. Abin dariya ma, asalin labarin daga firinta ya faro, irin ta Maman Ilham. Wajen 1980 a jami'ar MIT ta Amurka akwai wani gwanin kwamfuta, Richard Stallman. Aka kawo musu sabuwar firinta ta Xerox mai yawan cije takarda. Ya so ya gyara manhajarta ta riƙa sanar da mutane in ta cije, kamar yadda ya yi wa tsohuwar, sai aka hana shi ganin tushen manhajar, wato ainihin rubutun da aka gina ta da shi. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya shelanta aikin GNU na gina tsarin kwamfuta da tushensa ke buɗe ga kowa, a 1989 ya fitar da lasisin da ake kira GPL. Lasisin ya ce ka yi amfani da manhajar yadda kake so, ka buɗe cikinta ka karanta, ka gyara, ka raba wa wanda ka ga dama, ka sayar ma in ka samu mai saye. Sharaɗi ɗaya ne: in ka gyara ka raba wa jama'a, dole ka ba su tushen gyaranka a kan wannan ƙa'idar. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, ita ce Linux.

Batun kuɗi kuwa, ana samu, ta wata ƙofa ce dai. Kamfanin Red Hat manhajar a buɗe take, kula da ita da ɗaukar alhakinta yake sayar wa bankuna da gwamnatoci, kuma a 2019 IBM ya saye shi dala biliyan 34. Ubuntu da aka gina Mint a kansa, wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa shi a 2004. Mint kansa da gudummawar masu amfani da shi yake tafiya. Wayar da ke hannunka ma Baba, Tecno ce ko Itel, Linux ne a ƙarƙashin Android ɗinta. Ka daɗe kana hawa motar ba ka leƙa injin ba.

Baba Malam: To yanzu na gane. Rijiyar waƙafi ke nan. Kowa ya ɗiba, wanda ya ga ta cushe ya yashe ta, amma ba wanda zai kewaye ta ya sa kwaɗo don shi ya yi yasar. Allah ya yi miki albarka.

Mai Zane: Ni fa bari in zuba muku ƙasa a garin. Shekarata goma sha ɗaya ina zane. Maman Ilham, kada wanda ya ruɗe ki ki taɓa mai 8GB ɗin nan. CorelDraw ba ya aiki a Linux. Za a ce miki akwai Inkscape, akwai GIMP, akwai Scribus, duk na saka su, kuma Inkscape ba wasa ba ne wajen zana tambari. Amma ki kai aiki wurin masu babban inji, abin da za su tambaye ki shi ne ina fayil ɗin Corel, wato cdr, har su ce ki sauke shi zuwa tsohon zubi don nasu ya buɗe. Inkscape da LibreOffice Draw suna iya buɗe cdr, amma da zarar zanen ya yi sarƙaƙiya sai inuwa ta zame, rubutu ya sauya wuri. Ga launi: Inkscape da RGB, tsarin launin allon kwamfuta, ya saba, injin buga kalanda kuma CMYK, tsarin launin tawada, yake ci, sai ka bi ta Scribus kafin ka fitar. Wa ke da wannan lokacin ana gobe ɗaurin aure?

Injiniya: Ban musa ba, shi ya sa na ce uku. Ta huɗun a bar ta da Windows ɗinta, a zare ta daga intanet gaba ɗaya, a hana kowa soka mata filash ɗin waje. Duk abin da zai shige ta ya fara bi ta ɗaya daga masu Linux.

Barista: Abin da Mai Zane ya faɗa shi ne gundarin maganar, kuma ya fi batun kuɗi girma. Mu a nan tsada ba ta taɓa hana mu amfani da manhaja ba, tunda ba saye muke ba. Abin da ya ɗaure mu shi ne sabo da kuma sigar fayil. Kowa Corel ya koya saboda maigidansa Corel yake da shi, mai inji Corel yake karɓa saboda kowa shi yake kawowa. Kuma masu manhajar sun fi mu sanin haka. A 1998 Bill Gates yana magana da ɗalibai a Jami'ar Washington ya taɓo batun China, inda ake sayen kwamfuta amma ba a biyan kuɗin manhaja. Ma'anar abin da ya ce ita ce, tunda dai sata za su yi, gara su saci tamu, su saba da ita, daga baya ma san yadda za mu karɓi kuɗinmu. Wato mai saka kirak yana ganin ya cuci kamfani, alhali shi ne ɗan tallan da ba a biya. Wanda aka cuta da gaske shi ne ƙaramin mai gasa da ba wanda ya ko gwada kayansa.

A 1998 ɗin ce kuma gwamnatin Amurka da jihohi ashirin suka maka Microsoft a kotu, a kan ya cusa Internet Explorer cikin Windows don ya shaƙe Netscape, abokin gasarsa a manhajar shiga intanet. A watan Yuni 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya ce a raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, duk da ta yarda an yi danniya. Kafin a gama shari'ar Netscape ya riga ya durƙushe. Sai dai kafin ya faɗi ya buɗe tushen manhajarsa ga duniya a 1998, daga tokarsa Firefox ya fito a 2004. Turai ma ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497 a 2004. Ku lura, kotu takan zo bayan an ci kasuwa an watse.

Abba Ƙarami: Barista ai yanzu Microsoft ɗin ma ya tuba, shi ke da GitHub, shafin da ake ajiye tushen buɗaɗɗun manhajoji.

Barista: Ya saye shi dala biliyan 7.5 a 2018, shekara goma sha bakwai bayan shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, ya kira Linux ciwon daji. Tuba ce ko ganin inda kasuwa ta karkata, wannan kai za ka yanke. Kuma kujerar ba ta zama fanko ba. A Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya kankane harkar bincike a intanet ba bisa doka ba. A shari'ar ne aka ji cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama shi ne injin binciken da ke fara buɗewa a Safari, manhajar shiga intanet ta Apple. Firefox ɗin da muke yabo ma, mafi yawan kuɗin shigar masu shi daga irin wannan yarjejeniya da Google yake zuwa. A nan gida kuma hukumar FCCPC mai kula da gasa da haƙƙin masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yuli 2024 kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya a WhatsApp da Facebook. Ga shi kuma duk muna nan a kai.

Maman Ilham: Barista na gode, amma ni tsorona ɗaya ne. Ɗalibi ya kawo furojet shafi tamanin da ya yi a Word, in buɗe a wannan LibreOffice ɗin, shafuka su tarwatse, teburi ya haye kan rubutu. Wa zai biya takardar?

Malamar Kwamfuta: Yaya, yawancin wannan tarwatsewar ba daga manhajar take ba, daga salon harafi ne. In fayil ya nemi Times New Roman ko Calibri bai same su ba, sai a ara masa wani mai faɗi daban, layi ya ƙaru, shafi ya zame. Maganinsa biyu. Akwai ƙunshin haruffan Microsoft na asali da ake saukewa a ma'ajiyar manhajojin Mint, Times New Roman da Arial na ciki, su ne dama makarantu ke nema. Calibri da Cambria kuma akwai Carlito da Caladea, an yi su daidai awonsu harafi da harafi. Sannan ki shiga saiti ki ce ya riƙa ajiyewa a docx da xlsx kai tsaye, don kada yaro ya tafi da fayil ɗin odt, sigar LibreOffice, ya je ya dawo yana cewa bai buɗe ba. In wani fayil ya yi taurin kai, ki ajiye OnlyOffice a gefe, shi an gina shi ne a kan sigar docx tun farko. Amma dokar da za ta fi hutar da ke: ki rubuta a kwali ki manna a ƙofa, wanda ya zo bugawa kawai ya kawo PDF. Ko Word da Word ma sukan saɓa in zubinsu ya bambanta.

LibreOffice kansa misali ne na rijiyar Baba. Da OpenOffice ne a hannun kamfanin Sun. Da Oracle ya saye Sun a 2010, masu aikin suka ga take-taken sabon maigida bai yi musu ba, sai suka ɗauki tushen suka kafa gidauniyarsu a Jamus suka ci gaba da sabon suna. Ba wanda ya isa ya hana su, lasisi ya ba su. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kansa. Kada dai in ɓoye miki, birnin Munich ya taɓa komawa Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Sauyin ba ya tafiya sumul ko a can.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Hajiya, mu nan lokacin da munka sauya a wurin aikinmu, abin da ya fi ba mu daɗi ba ma kuɗin ba ne, haruffanmu ne. Ki saka Keyman, ta ƙungiyar SIL ce, kyauta, tana aiki a Linux da Windows da waya. Da ita ɓ da ɗ da ƙ ke fita ba wahala, har da ƴ da mu ke rubutawa a Nijar inda ku kuke sa 'y. Masu buga littattafan Islamiyya kuma su nemi harafin Alkalami, an zana shi bisa rubutun ajami irin na allo na yankin Kano da Nijar, akwai kuma Harmattan. Duka a buɗe suke. Wane babban kamfani zai zauna ya zana muna wanga? Kasuwarmu ba ta kai ya waiwayo ba.

Sai Kiwix. Tana sauke Wikipedia gaba ɗaya a fayil guda, a karanta ba intanet. Ta Hausa ba ta da nauyi, ki sa a kwamfutocin, yara masu jiran layi su samu abin dubawa.

Baba Malam: Ɗan Maraɗi, wannan na ajamin ka turo min bayaninsa ta gefe. Akwai waƙoƙin wa'azi na mahaifina da nake so a buga kafin takardun su ƙarasa cinyewa.

Uwar Zaure: Jama'a an fara nisa. Asalin cutar daga filash ta shigo, ba wanda ya ce komai a kan yadda yara za su riƙa ba ta fayil.

Injiniya: Gaskiyarki Hajiya babba. LocalSend. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, ba talla, ba rajista, tana kan Android da iPhone da Windows da Linux. Sharaɗinta kawai na'urorin biyu su hau Wi-Fi ɗaya. Ko tsohuwar rauta da ba data a cikinta ta isa, ko a kunna hosfot na waya. Fayil ɗin ba ya fita intanet, daga waya zuwa kwamfuta ne kai tsaye. Tsakanin kwamfutocin shagon kuma akwai Syncthing, ki ware folda ɗaya, duk abin da aka ajiye a wannan ya bayyana a waccan. Da tana nan da furojet ɗin Litinin bai hana ki barci ba. Sai dai ki sani, in aka goge a ɗaya za a goge a sauran, don haka ki kunna ajiyar tsofaffin zubi a saitinta.

Mai Turi: Injiniya, ka yi haƙuri, nan kam fagena ne. Ni sana'ata tura fina-finai da karatu da waƙa a waya. Ba ɗalibin da zai tsaya sauke sabuwar manhaja don buga shafi biyu. Abin da ke wayarsa shi zai yi amfani da shi, Xender ko WhatsApp. Na taɓa gwada sauya wata manhajar turi da tallanta ya ishe ni, kwana uku na dawo, don kwastoma ba ya jira. Maganar Barista ce dai ta sabo.

Injiniya: Haka ne. To ta haɗa biyu: WhatsApp yana buɗewa a Firefox ba matsala, su turo a matsayin takarda ba hoto ba. LocalSend kuma ga masu manyan fayil da kwastomomin kullum. Amma sabo ma yakan karye dare ɗaya. A ƙarshen Yuni 2020 Indiya ta haramta manhajojin China 59 a rana guda, TikTok da SHAREit da Xender na ciki. Mutane suka wayi gari suna neman madadi.

Abba Ƙarami: Tambaya. Mint ɗin nan kusan 3GB ne. Da netiwok ɗinmu in ya yanke a kashi 90 fa?

Malamar Kwamfuta: Nan torrent ke da rana, kuma shafin Mint da kansa yana ba da shi. Bram Cohen ya ƙirƙiro BitTorrent a 2001. Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kana karɓar kowace gunduwa daga duk wanda yake da ita, ana tantance ta da hatiminta kafin a ajiye. In netiwok ya yanke ko NEPA ta ɗauke, daga inda ya tsaya zai ci gaba, kuma ba zai ba ka gurɓataccen fayil ba. Ka yi amfani da qBittorrent ko Transmission. A 2015 an yi ta hayaniya da uTorrent saboda ya zo da wata manhajar haƙar kuɗin intanet a maƙale. Gargaɗi ɗaya: bayan ka gama saukewa yana ci gaba da raba wa wasu daga datarka. Sadaka ce mai kyau in kana kan layin ofis, amma in ɗan bandir ɗin dare ka saya, ka tsayar da shi.

Baba Malam: Ba wannan ba ne na ji ana cewa na ɓarayin fim?

Malamar Kwamfuta: Hanya ce Baba, mai kai amarya na bi, ɓarawon akuya na bi. Kafin shi akwai Napster da ya fito a 1999, matasa na musayar waƙoƙi. Shi yana da uwar garke guda da ke riƙe da jerin abin da kowa ke da shi, don haka da kamfanonin waƙa suka kai ƙara, kotu ta samu wuyan da za ta kama, ya rufe a Yuli 2001. Torrent ba shi da wannan wuyan, sai aka koma kama masu shafukan nuni, kamar mutum huɗu na Pirate Bay da kotun Sweden ta yanke wa shekara ɗaiɗai a 2009. Amma abin da ya rage satar waƙa sosai ba ɗauri ba ne. Apple ya buɗe kantin iTunes a 2003, waƙa ɗaya santi 99, sannan Spotify ya fito a 2008, a Sweden ɗin dai. Har wanda ya rubuta uTorrent, Ludvig Strigeus, Spotify ya koma yi wa aiki. Da halal ta fi haram sauƙin samu, mutane suka bi ta.

Mai Turi: Shi ya sa masu fim ɗinmu suka koma YouTube da shiri mai dogon zango. Kasuwar faifai ta mutu a idonmu. Ni dai na gida daga hannun masu shi nake karɓa in biya, kada Baba ya sa ni a huɗuba.

Baba Malam: Ban kira suna ba ɗana. Amma tunda an zo wurin, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disamba 1988, ta ce haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta shi. Ni abin da ya ja hankalina a zancenku shi ne wannan: ga wanda mai shi ya ce ɗauki na yafe, ga wanda mai shi ya ce ban yafe ba, kuma aikinsu kusan ɗaya. Sai mu tsallake na farko mu haura katangar na biyu.

Mai Zane: Baba rijiya ta bayar, guga ya hana. Gugan shi ne mai injin da ba ya karɓar komai sai cdr.

Barista: Kafin a rufe, kada a bar Maman Ilham da tunanin buɗaɗɗen tushe tsarkakakke ne. A Maris 2024 an gano wata ƙofar baya da aka dasa a xz, wata 'yar ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne ke kula da ita a matsayin sa kai, ya gaji, wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taya shi aiki har aka amince masa, sannan ya dasa abinsa. Wani injiniya, Andres Freund, wanda a Microsoft ma yake aiki, shi ya lura shiga wata na'ura na ɗaukar ƙarin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tono. An kama kafin ya bazu, saboda tushen a buɗe yake. Amma saura ƙiris.

Injiniya: Shi ya sa Hajiya, manhaja daga ma'ajiyar Mint kawai za ki riƙa saukewa, kuma in alamar garkuwar nan ta nuna akwai sabuntawa, ki bari ta yi. Ki buɗe wa yaran shago asusu marar ikon saka komai, kalmar sirrin babban asusu ta tsaya a wurinki. VLC ma ki ƙara, da wuya ki samu bidiyon da ba ya buɗewa.

Maman Ilham: Jama'a barkanmu da safiya, na dawo da rahoto. Jiya da daddare yarona ya sauke Mint a wurin abokinsa, muka tayar da mai cutar daga filash. Wallahi foldojin suna nan yadda suke, har da ta yarinyar Litinin, na kira ta tana ta kuka a waya. Firintar HP ta amsa da kanta ba mu saka komai ba. Babban injin fotokwafin ne dai ya ƙi, yana ganin sa amma in an tura aiki shiru. Mun ɗora a kwamfuta ɗaya tukuna, in ta yi sati lafiya sai sauran biyun. Ta Corel na zare mata waya kamar yadda aka ce, yaron sai fushi yake wai ba zai iya sauke hotunan furanni ba.

Injiniya: Alhamdulillah. Ya sauke furanninsa a ta kusa da shi ya tura. Injin fotokwafin kuma direba yake nema, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta. Ɗauki hoton lambar da ke jikin murfin gaba ki turo, da wadda ke bayan inda wayar wuta ke shiga, don wani lokacin sukan bambanta.

Ɗan Maraɗi: Baba, na turo maka Alkalami ta gefe, ka duba. In takardun sun tsufa ƙwarai, a fara ɗaukar hotonsu kafin a ba mai taifin.

Maman Ilham: To Injiniya, bari a kawo wuta, wurin da injin yake duhu ne hoton ba zai fito ba.